Allo Ɗaya, Shago Uku, da Hannun Baba Fenta

Kafin masu shaguna su fara ɗaga ƙofofinsu Baba Fenta ya riga ya iso rumfarsa, can ƙarshen layin 'yan gyare-gyare, tsakanin mai aski da mai walda. Yakan fara da girgiza gwangwanayen fenti ɗaya bayan ɗaya don kada su daskare, ko da ya san ba mai kawo aiki ranar. Ya wanke kowane burushi a kananzir, ya matse da tsumma, ya jera bisa benci daga ƙarami zuwa babba. Sannan ya zaga bayan rumfa, inda aikin safiyarsa na gaske yake. Can alluna ɗari biyu da 'yan kai suke jingine, allunan katako irin waɗanda ake kafawa saman ƙofar shago ɗauke da sunan mai shi da sana'arsa. Shagunan duk sun mutu. Yakan bi allunan yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, kunne a kusa, ko gara ta shiga. Wanda ya sha danshi ya fitar da shi rana, wanda ya zame daga kan bulo ya gyara masa zama.

Shekara hamsin da shida ke nan yana sana'ar rubuta allon shago, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye burushi. Ba shi ya sa ranar ba. An bi layin kaf an shafa masa jan fenti, za a rushe a gina dogayen shagunan haya, ga kuma yanar ido da ta cinye masa na dama. Mai aski ya ce ranar da aka zo sa alamar rushewar kowa ya fito yana salati, shi kuwa Baba Fenta karkata kai ya yi yana duban ta, sannan ya ce wa ma'aikacin fentinsa ya yi ruwa, ga shi yana dalala kamar majina, da ya yi magana da an ara masa burushin kirki. Mai aski yakan fara labarin nan da dariya, amma ba ya kai shi ƙarshe da ita.

Ba a taɓa kiran mutumin nan gaban taro an miƙa masa ko takardar yabo ba, kuma na san ba za a yi ba. Shi ya sa na ga ya kamata wani ya faɗi abin da ya yi kafin katafila ta iso. Abin da na gani da wanda maƙwabtansa suka shaida mini zan jera, har da na Goggona, wadda ta je rumfar nan farkon watan nan tana neman almakashin mahaifinta.

Ƙa'ida biyu ya ɗora wa kansa. Idan shago ya sauya hannu cikin gida ɗaya, uba ya rasu ɗa ya gada, ko wa ya bar wa ƙane, aka kawo tsohon allo a sake rubutu, ba ya kankare na da. Farin fenti yake shafawa siriri a kai, ya bari ya bushe kwana biyu, sannan ya rubuta sabo, tsohon suna na kwance a ƙasa. Idan kuwa baƙo ne ya kama shagon ya kawo allon waɗanda suka tashi, sai ya ba shi sabon katako ya riƙe tsohon. Ya sha ƙorafi a kan jinkiri. Mai walda ya ce a gabansa wani ya tambaya kwana biyun nan na mene ne, tunda kankarewa minti goma ce. Baba Fenta ya miƙa masa allonsa, ya kwatanta masa hanyar rumfar wani fenta. Kuma kowane allo sai ya yi masa zane a kusurwar dama, takalmi ko agogo ko buta, don a zamanin da ya koyi aiki yawancin masu wucewa ba sa karatu, da zanen suke gane shago.

Mai aski ya ba ni labarin wata nas da ta zo shekara bakwai da suka wuce. Uwarta ta rasu tana goye, ta tashi hannun kawunnanta, waɗanda kullum suke gaya mata uwar ba ta bar ko cokali ba, zaman cin abincinsu ta yi har ta mutu. Wata tsohuwa ce ta tsegunta mata cewa uwar ta taɓa riƙe injin niƙa a wajen layin nan. Ta yi kwana biyu tana tambaya, kowa ya ce bai sani ba, har aka turo ta wurin Baba Fenta. Ya tambaye ta ko doguwa ce mai wushirya. Nas ta ce ba ta sani ba, ba ta san ta ba. Ya zaga baya, ya daɗe, ya fito da koren allo mai zanen inji da buhu, ga sunan matar ɓaro-ɓaro. Nas ɗin nan da fararen kayanta ta zauna daɓas a ƙasa cikin ɗigon fenti ta rungume katakon, mai aski kuma ya bar mutum da rabin kai a aske ya tsaya kallo. Baba Fenta ya zauna da ita har la'asar yana ba ta labarin uwarta, yadda take zagin injin da sunan mijinta in ya ƙi tashi, da yadda take sallamar mai ƙaramin kwano kafin mai buhu.

Irin wannan labari yana da daɗin faɗi, amma kada ya ruɗe mu. Na tambaye shi mutum nawa suka zo karɓa tun da ya fara ajiya. Ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa, ya ce goma sha tara. Jikokin sauran suna wucewa ta gaban rumfar kullum, wasu a mota, ba su san kakansu na jingine a baya kan bulo biyu ba. Shi kuma ba ya tare mutum ya ce ga na ubanka. Ya ce ba kowa ke son a tuna masa da shagon da ya karye ba.

Kai ne ma'ajin sunayen da ba su shiga littafi ba, Baba. Ba wanda ya ɗora maka, ba wanda ya taɓa tambayarka yadda kake fama da su in damina ta sauka, kana yawo da leda da guntun kwano kana rufe mutanen da danginsu ma sun manta da su.

Goggo yayar mahaifina ce, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, ta haura tamanin. Ana zaune a tsakar gida wani cikin jikokinta, mai aikin gadi a wani kamfani, ya ce cikin wasa mu dai tun asali bayin albashi ne, gidanmu ba a taɓa mallakar ko tebur a bakin titi ba. Aka yi dariya, ban da Goggo. Ta ce ubanta tela ne mai shagon kansa da keken ɗinki biyu, yayanta ya yi hayar kekunan hawa, ƙaninta, wato mahaifina, ya yi gyaran rediyo; shago uku gidan nan ya buɗe. Ya ce to ina suke, tsohuwa? Ba da rashin kunya ya tambaya ba, shi ya sa ta fi zafi. Washegari ta sa aka kira ni, don ni ne ba na musu da ita, ta ce in samo mota.

Shagon kakana yana kan kwanar tsohuwar kasuwa. Kantin magani muka tarar, gilashi daga sama har ƙasa, an ma juya ƙofar ta koma ɗaya titin. Goggo ta ce daga famfo taku goma sha biyu ne zuwa bakin ƙofa, amma ba famfon, don haka ba inda za a fara ƙirgen. Tana tsaye tana dube-dube mai kantin ya leƙo ya ce Mama wane magani za a ba ki. Wurin hayar kekunan Baffa, yayan nata, gidan mai ne yanzu. Ta nuna wani wuri, sannan ta ce a'a, ta nuna wani. Na mahaifina ni ma na san shi, amma titi ya faɗaɗa ya haɗiye shi, inda teburinsa yake kwata ce ke gudu. Muka tambayi masu shagunan kusa, wanda ya fi daɗewa cikinsu shekararsa goma sha biyar a wurin. Ba takarda, ba hoto. Kakana bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba.

A mota ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Fuskar Babanmu ta gudu daga kaina. In na rufe ido ba ta zuwa. Abin da ke zuwa almakashin nan ne na saman ƙofa, buɗaɗɗe, mai jan hannu. Da shi nake gane shagon in an aike ni kai masa abinci. In na gan shi sau ɗaya, wataƙila fuskar ta biyo shi."

Na san Baba Fenta tun lokacin da na shiga ajin manya, ina da shekara arba'in da 'yan kai. Haruffan littafi ƙanana ne, malami kuma yana sauri, sai in zo bencinsa in zauna ina kallon yadda yake jan harafi mai tsawon kamu, a hankali, har in gane inda ya fara da inda ya ƙare. Duk zaman nan ban taɓa tambayarsa allonmu ba, shi ma bai tayar da maganar ba. Ranar nan na ce wa direba ya juya.

Da muka isa rumfar, Baba Fenta ya karkato da idonsa mai gani, ya daɗe yana dubanta.

"'Yar Tela? Ashe kina nan?"

"Ina zan je, ban ga wanda zan bar wa wurin ba. Kai ne ka yamutse haka? Na san ka kana jan bokiti bayan maigidanka, hanci duk fenti."

"Hancin dai yana nan, fentin ne ya yi tsada."

Da ta faɗi abin da ya kawo ta na ga murmushinsa ya ragu, na ɗauka gajiya ce. Ya zaga baya ya fito da dogon allo shuɗi, rediyo mai eriya a kusurwa, sunan mahaifina a tsakiya da farin fenti. Shekara ashirin ina shiga ina fita ƙarƙashin allon nan, ranar ce na fara karanta shi.

Ya ce katako ɗaya ne gidanmu ya yi ta juyawa, mahaifina da bakinsa ya gaya masa na ubansu ne. Da kakana ya rasu, Baffa bai iya ɗinki ba, ya sayar da kekunan ɗinki ya sayi na hawa, ya kai allon aka sake masa rubutu. Da babura suka kashe hayar keke Baffa ya tafi neman aiki wata ƙasa bai dawo ba, mahaifina ya ɗauki allon. Da rediyo ya zama abin da in ya lalace ake jefarwa, mahaifina ya rufe, wanda ya kama wurin ya kawo allon, Baba Fenta ya musanya masa da sabo. Zanen uku duk a kusurwa ɗaya suke, rediyo a sama, keke a ƙarƙashinsa, almakashi can ƙasa. Yana iya buɗe taga, wato ya kankare kusurwar nan kaɗai hawa-hawa ba tare da ya taɓa sunaye ba, amma abin da aka ɗebe ya tafi ke nan. Kafin a ga almakashi sai rediyo ya tafi, keke ya tafi. Ya ce ba zai sa reza ba sai ɗan mai rediyo ya yarda. Goggo ba ta roƙe ni ba, ƙasa ta zuba wa ido. Na ɗauki hoton allon da waya, na ce ya sa.

Kwana uku aka yi, da hantsi kawai, lokacin da haske ke shiga rumfar sosai. Hannunsa na rawa in zai ɗauki kofin ruwa, amma da reza ta taɓa katako sai ya tsaya cak. Ya manna idon hagu kusa da allon har numfashinsa na tayar da garin fenti, ya ɗan kankare, ya goga samfefa mai laushi, ya shafe da tsumma mai kananzir. Ranar farko eriyar ta fara tafiya, sannan rediyon, aka isa fari. Mai aski ya leƙo ya ce in an gama a buɗe irin tagar nan a kan Baba Fenta, ko akwai gashi a ƙasa. Goggo kaɗai ta taya shi dariya.

Rana ta biyu baƙar taya ta fara leƙowa cikin rawaya, sai ƙarfen tsakiya, sai sirdi, har da ƙararrawa 'yar ƙarama kamar ƙwayar wake. Goggo ta tafa hannu. Ta ce ga keken Yaya, wanda wani ya yi hayarsa na awa ɗaya ya wuce da shi garin surukansa, Yaya ya bi shi a ƙafa kwana biyu, ya dawo yana tura keken don taya ta fashe, kuma yana rantsuwa mutumin na kirki ne tunda ya ba shi ruwa. Ta yi ta ba da labarin Baffa har hantsi ya kusa wucewa, abubuwan da ban taɓa ji ba. Da Baba Fenta ya sake ɗaukar reza ta ce ya bar mata keken ya kwana. Ya bari. Ya ce ma in ta ga a tsaya nan a tsaya, keken ya fito da kyau. Sau biyu ya faɗa. Ta ce ba keke ta zo nema ba.

Rana ta uku keken ya tafi, farin da ke ƙarƙashinsa ya fito. Ya rage sauri ƙwarai. Farin ya yi ta sirancewa, muna jiran ja ya ɓullo, sai ga launin katako. Ya matsa gefe ya gwada, katako. Ya gwada ƙasa, katako ne fes, har da sawun wuƙar da ta taɓa bin sa. Ya ajiye rezar bisa benci, ya goge hannu a riga.

"Ni na kankare shi, 'Yar Tela."

Ya ce a shekararsa ta farko wurin maigidansa aikinsa kankarewa ne da shafa fari, maigida ke rubutu da zane. Koyarwar lokacin ita ce a kankare har sai katako ya fito, don sabon fenti ya kama. Wata rana aka miƙo masa allon wani tela da ya rasu, shi kuma yana son a yaba masa, ya zage ya kankare tas. Yana cikin yi wata mata ta biyo ta wurin ta tsaya a kansa tana kallo. Da ya gama ta durƙusa ta tsinci ɓawon jan fenti a ƙasa, ta ƙulle a bakin zaninta, ta wuce. Bai iya cin abinci ba ranar. Daga wannan allon bai sake kankare na kowa ba, har suka ɓata da maigidansa a kan haka. Teloli biyu ne suka rasu a kwanar nan shekarar, ya daɗe yana gaya wa kansa na ɗayan ne. Da Goggo ta ambaci jan hannu gabansa ya faɗi, amma ya sa rai ko Allah zai sa zatonsa ya kuskure. Ya ce da ya faɗa tun ranar farko, da rediyo da keke suna nan. Ɓarna biyu ya yi mana, in ji shi, ɗaya da ƙuruciya ɗaya da tsufa, kuma ta tsufan ta fi muni.

Goggo ta ce da Innarsu ta rasu, suna kwashe akwatinta, sun tarar da wani ɗan ƙulli a ƙasan kaya, tsumman ya dafe, a ciki wani jan gari. Suka yi ta juya shi, ba wanda ya san ko mene ne.

"Muka ce tsohon magani ne. Ni da hannuna na zubar."

Ba zan ɓoye ba, na ji haushinka ranar, Baba. Amma da ka ce danshi ne ya ci fentin, ko ka ce na zamanin da ba ya jure shekaru, da mun yarda mun tafi muna yi maka godiya, don ba wanda ya rage a duniya da zai ƙaryata ka. Sai ka tsaya gaban tsohuwa ka ce ni ne. Daga baya na gane cewa alluna ɗari biyun da ke bayanka, da sha taran da suka koma gida, duk daga kusurwar allonmu suka fito. Mu muka yi asarar, wasu suka samu. Hakan bai mayar wa Goggo komai ba, amma gaskiya ce, dole in rubuta ta.

Kuma bai tsaya nan ba. Ya ce inda fenti mai kauri ya daɗe a kan katako, rana da ruwa ba sa cin wurin kamar gefensa, don haka wani lokaci zane yakan bar ɗan tudu wanda ido ba ya gani. Ya rufe ido duka biyu, ya ɗora yatsu, ya yi ta bi kamar mai laluben allura a tabarma, yana ɗiga alli inda ya ji wani abu. Wuƙarsa ta da ta cinye mafi yawa. Abin da ya samu zobe ɗaya ne na hannun almakashi, da guntun baki da bai kai tsawon yatsa ba. Ya ce in kama yatsan Goggo in ɗora. Ta zagaya zoben sau uku, ido a rufe, muna jira. Ta buɗe ido ta girgiza kai. Fuskar ba ta zo ba.

Ya ce yana iya zana mata almakashin sabo yadda ta kwatanta, kafin idonsa ya ƙarasa. Ta ce ta gode, amma wanda ta gani tana yarinya take nema, wannan zai zama nasa ne. Muka ɗauki allon da tabonsa a kusurwa. A hanya ta ce, "Na cinye maka rediyon ubanka a banza, ɗan nan." Na ce ba komai. Ta ce in daina cewa ba komai, ni da ita mun san da komai. Allon yana ɗakinta yanzu bayan ƙofa. Jikan nan nata ya zo ya karanta sunan da ke kai, ya ce ashe da gaske ne, ya ɗauki hoto, ya wuce wurin aiki.

Mun gode, Baba Fenta, mu da muka samu da mu da muka rasa. Ba ka bar magaji ba. 'Ya'yanka sun kama wasu hanyoyi, kuma ba laifinsu ba ne, tunda yanzu inji ke buga sunan shago a leda, damina biyu ta yage, a jefar a buga wata, ba abin da ke kwanciya a ƙarƙashinta. Jikokin masu shagunan yau ba za su sami ko rumfar da za su je su yi tambaya ba. Allah ya saka maka da alheri, ya bar maka hasken idon da ya rage.

Duk wanda sana'arsa ke sa shi share sawun wani, magini mai toshe tsohuwar ƙofa ko ɗan haya da ya tarar da allon mutane, ya ɗan dakata, ya ajiye a gefe kamar yadda dattijon nan ya yi. Ku kuma masu tsofaffi a gida, ku tambaye su yau me gidanku ya taɓa sayarwa, a wace kwana, wane zane ne a saman ƙofa, sannan ku kama hannunsu ku zo layin nan. Saura kwana tara.

Ɗakin da Baba Fenta yake haya ba zai ɗauki allo biyar ba. Mai aski ya ɗauki huɗu, mai walda uku, ni shida, na mutanen da ba mu sani ba. Sauran tun shekaranjiya ya fito da su, karo na farko, ya jera jikin katanga fuskarsu na duban titi: mai gyaran fitila, mai wanki da guga, mai ɗinkin katifa, mai ɗaukar hoto, mai sayar da kwanuka. Jiya na wuni tare da shi. Mutane sun wuce da yawa. Mutum ɗaya ya tsaya, ya bi su da kallo daga farko har ƙarshe, ya ɗaga ɗaya ya auna nauyinsa a hannu. Mai gidan burodi ne. Ya ce katakon ya bushe da kyau, zai kwashe duka ya hura tanderu, ya rage wa Baba wahala. Baba Fenta bai yi faɗa ba, ya ce ya dawo ranar ƙarshe. Mutumin ya juya zai tafi, Baba Fenta ya kira shi.

"Kada ka zo da safe," ya ce. "Ka bari sai bayan la'asar, ko wani zai zo."